Takun Gidan Malam na Gabas

Laraba, 5 ga Fabrairu, 2025

Na dawo. Kaina kamar zai tsage. Ba wanda zan iya gaya wa, sai takarda.

Yau na kai ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe tsohon gidan yarin Turawa da aka mayar gidan tarihi a birni. Ni na nace a yi tafiyar. Wata uku ina bin shugabar makaranta, don na gaji da koya wa 'yan mata mulkin mallaka a jikin allo suna hamma.

An shafe katangar da farin fenti. An shuka furanni a gaban dandalin da ake yi wa mutane bulala. Furanni! Mai zagayawa da mu, wani Abdulrauf, baki kamar mai tallan maganin basir. Ya buɗe wani ɗaki da bai fi taku shida ba, tagarsa kamar bakin tulu, ya ce mutum ashirin ke kwana a ciki. Sai ya ƙara da cewa, "Masaukin baƙi ke nan, kwana kyauta, tuwo kyauta." Yara suka kwashe da dariya. Na ce masa, "Malam, kakan wani ne fa ya kwana a nan." Ya ce, "Hajiya, ai ɓarayi ne da masu kisan kai." Na haɗiye abin da ya zo min baki saboda yara.

Sai muka zo wajen marin. Zobba biyu na ƙarfe da gajeriyar sarƙa a tsakani, irin wanda ake sa wa fursuna a ƙafa. Sun ajiye guda don baƙi su sa su ɗauki hoto. Yaran suka hau layi da wayoyi, ana gyara ɗankwali. Na ce su matsa, ni zan sa. Don in kunyata su na sa, su ga ba abin wasa ba ne. Na ce zan taka daga bakin ƙofa zuwa gindin bishiyar tsakar gidan.

Sarƙar ba ta barin ƙafa ta miƙe. Rabin taku, ka tsaya, ka jawo ɗayar. Tafin ƙafa ba ya rabuwa da ƙasa sosai. Gwiwoyi su ɗan buɗe don kada ƙarfe ya goge idon sawu. Ban yi taku goma ba na ji Mansura, 'yar unguwarmu, ta ce, "Lah! Ku ga Malama tana takun gidansu!"

Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Kakana Malam Hamza haka yake tafiya. Malam na Gabas, wanda ya bar Kura yana saurayin magidanci ya yi shekara bakwai a ƙasar Barno neman karatu, ya dawo da Alƙur'ani a ka ya kafa makarantarmu. Haka muka taso muna ji. Ina da shekara goma sha biyu ya rasu, na san tafiyarsa kamar yadda na san tawa. Aka ce natsuwa ce. Baba ya kwaikaya har ya mutu. Yayana Iliyasu, da yake riƙe da makarantar yanzu, shi ma haka. Duk ɗalibin da ya sauke a gidanmu haka yake ja da ƙafa, har in yaro ya shiryu a garin nan sai a ce ya fara takun gidan Malam.

Tsawon sarƙa ne. Shekara saba'in muna koya wa 'ya'yan mutane tsawon sarƙa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na tsaya a soro na kalli Yaya zai tafi masallaci, ɗalibai uku a bayansa, duk suna ja. Na juya na koma ciki.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na koma ni kaɗai. Na ce ba Abdulrauf nake nema ba, mai kula da takardu nake so. Mace ce, Khaulat, ba ta da surutu, Allah ya saka mata. Ta sa safar hannu ta fito min da littattafan sunayen fursunoni. Na ba ta shekarun da nake zato, don na san Gwaggo Turai, autar Malam, tana jaririya aka ce ya tafi Gabas.

Awa biyu muna buɗawa. Rubutun Bature ne, siriri, a karkace, mai kyau abin haushi. Mutum ya zauna ya kyautata hannunsa yana jera bayin Allah kamar buhunan gyaɗa.

Hamza, daga ƙasar Kura, 1946, shekara bakwai.

Layin da aka rubuta laifi gara ta cinye shi tun daga sama har ƙasa. Khaulat ta ba ni haƙuri kamar ita ce garar.

Ta ce suna shirin gina bango da sunayen waɗanda aka tsare a gidan, kuma duk zuri'ar da ta zo da labarin nata za a rubuta a ƙarƙashin sunan. Har yau ba wanda ya zo. Ta ba ni takardar cikewa. Na karɓa.

A mota na gama haɗa abin a kaina. Kusan shekarun nan ne aka yi ta ɗibar samari ana kai su haƙar kuza da ƙarfin tsiya, na karanta, na koyar. Malam ba ya ɗaukar raini. Ya ƙi, ko ya ɓoye wasu, ko ya gaya wa Di'o magana a fuskarsa. Muna da gwarzo a gida muka lulluɓe shi da ƙaryar Barno saboda kunyar kalmar fursuna. Matsorata!

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na sami Yaya a zaure bayan la'asar, yana duba allunan masu sauka. Walimar makaranta saura sati biyu, ranar ashirin da uku ga wata, kuma kowace shekara shi ke tashi ya ba da labarin tafiyar Malam Gabas. Na ajiye masa hoton shafin da na ɗauka a waya.

Ya duba. Ko gira bai ɗaga ba. Ya ce, "Ki bar maganar nan, Sa'a."

Na ce, "Au, ka sani?"

"Na ce ki bari."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da Baba zai rasu."

Shekara goma sha tara! Ni da nake koyar da tarihi, ni da na sayi littattafan da suka fi na kowa a gidan nan, ni aka bari ina yawo da tatsuniya a baki saboda ni mace ce. Na gaya masa haka. Na ce ko dai ya faɗi gaskiya ranar walima, ko in tashi a tsakiyar mata in faɗa da kaina, kuma sunan Malam sai ya hau bangon nan.

Ya ce, "Ba namu ba ne mu kaɗai."

Na ce na wa ne, na Sarauniyar Ingila?

Ya ɗauki allo ya ci gaba da dubawa. Wannan shirun nasa, wata rana sai ya kashe ni.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na cike takardar da fensir. Na rubuta cewa an ɗaure shi saboda ya ƙi miƙa wuya. Na karanta sau huɗu, ya yi daɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai, Turawan sun tafi amma sun bar mana kunyar. Su suka ɗaure, mu muke ɓoyewa. Su jikokinsu suna can suna ajiye hotunan kakanninsu da hular kwano a falo, mu namu sai mun yi masa rawanin ƙarya kafin mu iya kiran sunansa.

Zan je wajen Gwaggo ranar Juma'a in samo sauran. Yaya ya aiko cewa kada in tayar wa tsohuwa da hankali. Na ce a gaya masa na ji.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na je Bunkure. Na tarar da Gwaggo Turai tana tsince shinkafa a faranti, ido ya yi rauni amma yatsu na gani. Na durƙusa na gaishe ta, muka gama tambayar mutan gida, na rasa ta inda zan fara. Ita ta fara.

"Iliyasu ya yi min waya. An ce kin je kin sa ƙarfe a ƙafa."

Na ce e. Na zuba mata duk abin da na haɗa, kuza da Di'o da komai. Ta bar ni na kai aya. Sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ke da boko. Wace kuza? Mutum ya kashe."

Na ce Bature?

"Wane Bature? Maƙwabcinsa. Kakan su Barira."

Barira ta bayan gidanmu. Barira da muka yi makarantar allo tare, gonarta tana ƙasan tamu a kanal ɗin ban ruwa.

Zan rubuta yadda ta faɗa, don kada gobe in gyara.

Lokacin ba madatsar ruwa, ba kanal. Noman rani a fadama ake yi, da jigo ake ɗebo ruwa guga-guga. Jigo ɗaya suke amfani da shi su biyu, yau wannan gobe wancan. Malam a lokacin ba malam ba ne, ko izu biyu bai haɗa ba, manomi ne mai zuciya kamar garwashi. Ya zo ranar da yake ganin tasa ce ya tarar da mutumin yana ba albasarsa ruwa. Magana ɗaya, biyu. Ya ɗaga ƙotar fartanya. Sau ɗaya ya buga. Mutumin ya kwana uku ya cika, ya bar mace da ciki.

A gaban alƙali aka tambayi uwar mamacin ko a kashe. Ta ce ta yafe jini, gawa ɗaya ta ishi unguwa. Aka yanke shekara bakwai. Satin da Bature ya zo garin bin ba'asin shari'ar aka haifi Gwaggo, shi ya sa aka kira ta Turai. Shekara hamsin da biyu ina kiran sunan nan ban taɓa tambayar wane Bature ne ya zo ba, me ya kawo shi.

Na ce to ƙaryar Gabas fa, wa ya ƙirƙira, Kaka ce?

Gwaggo ta ajiye farantin. Ta ce uwar mamacin ce. Ranar suna ta shigo, ɗanta bai yi arba'in a ƙasa ba, mata suka yi tsit. Ta ɗauki jaririyar ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Allah ya raya, Allah ya dawo da ubanki lafiya daga Gabas." Shi ke nan. Wa zai ƙaryata ta? Duk garin suka bi bakinta, don kada yaran su tashi ana nuna su.

Karatun kuwa gaskiya ne. Wani malami Babarbare da aka haɗa su sarƙa ɗaya wajen fasa dutse, shi ya biya masa tun daga farko har ƙarshe. Gwaggo ta ce, "Kin ga ai ya je Gabas ɗin. Gabas ce ta zo ta same shi."

Sai ta tambaye ni ko na taɓa tunanin me ya sa duk ranar da aka sako ruwa a kanal ba ma buɗe namu sai gonar su Barira ta ƙoshi, alhali mu ne a sama. Na taɓa tunani? Shekara ashirin ina masifa a kan wannan! Bara tumatirina ya yi yaushi ina kallo ruwa yana wuce ni, na kira Yaya sakarai a gaban ma'aikata. Ya ce wasiyyar Malam ce, na ce wasiyyar banza.

Da zan tafi ta riƙe min hannu ta juya shi tana shafawa. Ta ce, "Duk jikokinsa ke kika ɗauko zuciyarsa. Ta kafin ya tafi."

Ban yi mata sallama da kyau ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na goge fensirin. Takardar ta kusa hujewa.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Yanzu da Malam nake faɗa, kuma ba ya nan balle ya amsa.

Yana kirana amaryarsa. Yana ɓoye min dabino a aljihun gaba, ya ce kada in gaya wa uwargida. Da hannun. Da wannan hannun yake shafa min kai in na kawo hadda. A kan albasa! Ba don ƙasa ba, ba don addini ba, ba don an taɓa masa iyali ba. Kwamin albasa.

Kuma Abdulrauf mai bakin tallan magani ya fi ni gaskiya. Wannan ma wani ciwon ne. Ɓarayi da masu kisan kai. Duk da haka furanninsa na banza ne, kuma ɗaki mai taku shida ba wajen kwanan mutum ashirin ba ne ko me suka yi. Ban janye wannan ba.

A aji Mansura ta tashi kawo min littafi tana jan ƙafa, tana kwaikwayona, 'yan baya suna ƙunshe dariya. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ban sauke a kanta ba. Na tsaya da shi a sama kamar na wani, na ce kowa ya buɗe shafi na arba'in.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Khaulat ta kira, wai ko na gama da takardar. Na ce saura kaɗan.

Na yanke shawara. Zan faɗa ranar Lahadi, duka, har da ƙotar fartanya. Ba gwarzo ba ne, to, ba gwarzo ba ne. Amma ba zan zauna in ji ana ba wa yara labarin rairayin Barno da raƙuma ba, suna fita suna jan ƙafa. Aikina ke nan. In ban iya faɗar na gidanmu ba, da wane baki zan faɗi na Turawa?

Yaya ya zo har ɗakina, abin da bai yi ba tun rasuwar maigidana. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sa'adiyya, ba na hana ki don makaranta. In ta rushe ta rushe." Na ce to don me? Ya ce, "Kin ji daga Gwaggo, kuma har yanzu kina tambaya." Ya juya. Ina jin ƙafarsa har soro.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An yi walima. Rumfa biyu, maza gaba, mata baya, masu sauka goma sha ɗaya da fararen kaya. Na zauna a bakin tabarma don in ji daɗin tashi. Ban lura da wadda ta zo ta zauna kusa da ni ba sai da ta ce, "Malama, matsa min, ƙafar nan ba ta lanƙwasuwa." Barira.

Yaya ya karɓi lasifika. Ya yi salati, ya fara: a shekarar da Malam ya bar gida ya nufi Gabas. Na dafa ƙasa zan miƙe. Sai na ji hannu a gwiwata, mai nauyi, hannun mai shuka.

Ba ta ko kalle ni ba, idonta yana gaba. Ta ce a hankali, "An ce kina da jawabi."

Na ce gaskiya zan faɗa, kuma don ku ne.

"Don mu? Mun aike ki?"

Na ce Barira, ba ki san abin da—

"Na sani tun ina da shekara tara. Babana a ciki aka bar shi, kina zaton ba a gaya masa inda ubansa yake ba? Kowace shekara ina zuwa nan in ji ƙaryar nan in ce amin. Tsohuwarmu ce ta ɗinka muku rigar, da hannunta, tana cikin makoki. Ba ki tambaye mu ba za ki yage ta a gaban jama'a, a dawo ana kallonmu ana cewa ga jikokin wanda aka kashe."

Na ce to haka za a dawwama?

Sai ta juyo. "In za ki faɗa, fara da namu. Ya sunansa?"

Ban san sunansa ba.

Kwana tara da jin labarin. Na yi kuka a kan dabino, na yi faɗa da matacce, na goge takarda. Ban tambayi Gwaggo ba. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba.

Barira ta ɗauke hannunta daga gwiwata. Ba ta ƙara riƙe ni ba, da na so da na tashi. Ta ce, "In kina so ki sani, ki zo gida ki yi sallama ki tambaya, kamar mutane."

Yaya ya kai wajen da Malam ya dawo da Alƙur'ani a ka. Mata suka yi kabbara. Barira ta ce amin. Aka raba waina.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na je bayan an tashi daga makaranta. Taku nawa ne tsakaninmu, amma rabona da cikin gidan tun bikin 'yarta.

Almustapha. Almu ake ce masa. Shekararsa ashirin da huɗu. Bahago ne. Yana waƙa in yana jan jigo, wai murya ba daɗi, har matan fadama suna roƙonsa ya yi shiru. Abin da ya rage nasa ke nan, sai wata 'yar ƙaramar wuƙar yankan albasa da Barira ta ciro daga ƙasan adaka ta nuna min. Ba ta ba ni na taɓa ba.

Kuma ranar tasa ce. Ranar ruwan. Malam ne ya yi kuskuren lissafin kwana. Ya zo da kansa ya faɗa wa tsohuwar bayan ya dawo, a durƙushe a ƙofar ɗakinta.

Na fito da takardar gidan tarihin na yi mata bayani, bango da suna da labari a ƙasa. Na ce in za a rubuta Hamza, sai an rubuta Almu. Ta juya ta gaba da baya, ta ga inda na goge. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, akwai 'yan'uwanta maza biyu a Kadawa da wata a Dawakin Kudu, sai sun zauna, watakila bayan salla. Ta ce, "In muka ce a'a, a'a ce, Malama. Ba jawabi."

Har yanzu ina jin haushin fentin, da furannin, da kyakkyawan rubutun Baturen. Ina jin haushin Yaya da ya bar ni shekara goma sha tara, kuma sai na gaya masa. Ban yafe wa Malam ba, ba ni ce mai yafewar ba ma.

Ta ɗaga wata kwalla ta sa takardar a ƙarƙashinta ta mayar. Ta ce in jira.

Na ce to.